Tsofaffin filayen besbol na Amurka da majefan da suka kafa tarihi a cikinsu

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba da cewa fili a Madrid da fili a Manchester kusan abu ɗaya ne, tsawonsu da faɗinsu na kusa da juna, girman raga kuwa ba ya canzawa. A wasan besbol, wanda Amurkawa suka daɗe suna kiransa wasan ƙasarsu, lamarin ba haka yake ba. Doka ta ƙayyade tsakiyar fili daidai wa daida, amma ta bar bayansa a sake, saboda haka kowane fili da irin halinsa. Bugun da zai tsallake katanga a Boston, a wani garin sai ya faɗa hannun mai tsaron baya. Shi ya sa masoya wasan ke maganar tsofaffin filaye kamar suna maganar dattawan unguwa, kuma shi ya sa ba a iya auna gwanintar majefi sai an san filin da ya yi jifa a ciki da zamanin da ya rayu.

Yadda wasan yake

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Akwai tashoshi huɗu da aka jera a kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowace da ta gabanta ƙafa 90. Ɗaya daga cikinsu ita ce gida, inda mabugi ke tsayawa riƙe da kulki. Majefi kuma yana kan ɗan tudu a tsakiya, nisansa da gida ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai, kuma tun 1893 ba a sake taɓa wannan awo ba. Idan mabugi ya bugi ƙwallo sai ya ruga zuwa tasha ta farko. Duk wanda ya zagaya tashoshin ya dawo gida, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. Idan ya buga ta tsallake katangar baya, ya zagaya ke nan babu mai tare shi.

Mabugi kan fita idan ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ko aka cafe ƙwallonsa a sama, ko ƙwallon ta riga shi isa tasha. Da zarar mutum uku sun fita sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi har zagaye tara. Babu agogon da ke tashin wasa, dole sai an fitar da mutum 27. Komai kuwa daga hannun majefi yake farawa. Ana auna shi da yawan nasarorin da aka rubuta masa, da yawan mabugan da ya fitar da jifa uku, da kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin kowane zagaye tara. Wanda ake cin maki uku a kansa gwani ne. Wanda bai kai biyu ba, ana daɗewa ba a ga irinsa ba.

Filayen da tituna suka tsara

Filayen farko na katako ne, gobara kuma ta sha cinye su. Daga 1909 aka shiga gina na ƙarfe da kankare: Shibe Park a Philadelphia da Forbes Field a Pittsburgh a wannan shekara, Comiskey Park a Chicago a 1910, Fenway Park a Boston a 1912, Ebbets Field a Brooklyn a 1913, sai filin da ake kira Wrigley Field yanzu a 1914. A cikin unguwanni aka gina su, kusa da layin taragu, domin 'yan kallo a ƙafa ko a taragu suke zuwa. Mai ƙungiya ya sayi fegin da ya samu, duk inda titi ya tare shi nan katanga za ta tsaya. Abin da ake yabawa yau a matsayin kyawun waɗannan filaye, asalinsa ƙarancin wuri ne.

Fenway Park shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda babbar gasa ke amfani da su har yanzu. An buɗe shi ranar 20 ga Afrilu, 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, labarin da ya danne na buɗe filin a jaridu. Ta ɓangaren hagu titin Lansdowne ya matse shi, har katangar ba ta wuce ƙafa 310 daga gida ba, wato kimanin mita 94. Da aka rasa nisa sai aka nemi tsawo: katangar ta kai ƙafa 37, sama da mita 11, kuma an shafe ta da koren fenti a 1947, daga baya aka yi mata laƙabi da Koren Dodo. Ita kam ba ta da amana ga kowa. Bugu marar ƙarfi da ya yi sama sosai yakan tsallake ta, bugu mai ƙarfi da ya tafi miƙe kuma sai ya daki bango ya dawo. A gindinta akwai allon maki da har yau mutane ne ke zaune a ciki suna canza lambobi da hannu. Can ɓangaren dama, a tsakiyar kujeru kore, akwai ja guda ɗaya tak, alamar inda bugun Ted Williams ya sauka a watan Yunin 1946, nisan ƙafa 502.

A Wrigley Field, gidan ƙungiyar Cubs tun 1916, iska ce ke mulki. Idan ta taso daga tafkin Michigan tana shigowa fili, ranar majefa ce. Idan ta juya tana fita, ko ƙaramin bugu sai ya yi fiffike. A 1937 aka dasa wata ciyawa mai yaɗo a jikin katangar bulo ta baya, kuma har dokar filin ta tanadi hukuncin ƙwallon da ta maƙale a cikin ganye: mabugi ya tafi tasha ta biyu. Filin bai ga fitilun dare ba sai ranar 8 ga Agusta, 1988, kuma a daren ruwan sama ya tashi wasan tun ba a yi nisa ba.

Wanda ya fi su ban mamaki shi ne Polo Grounds na New York, gidan ƙungiyar Giants, mai siffar kofaton doki. Kusurwar dama ƙafa 258 ce kawai, ta hagu 279, amma tsakiya ta kai 483, kusan mita 147. Majefi mai hankali a nan yakan yi jifan da zai sa a buga ƙwallo tsakiya, inda komai ƙarfinta za ta mutu a hanya. A wasan farko na gasar ƙarshe ta 1954, wadda ake kira World Series, Vic Wertz na Cleveland ya yi bugun da a yawancin filaye da ya fice, amma Willie Mays ya bi ƙwallon a guje, ya ba gida baya, ya cafe ta ta saman kafaɗarsa. Har yau ana nuna hoton. Ba don faɗin filin ba, da babu abin da za a nuna.

Zamanin matacciyar ƙwallo

Shekarun 1900 zuwa 1919 ana kiransu zamanin matacciyar ƙwallo. Ƙwallo ɗaya ake ta amfani da ita har ta yi laushi ta yi baƙi, majefa kuma suna shafa mata yawu da ruwan taba da ƙasa domin ta kauce wa kulki. Maki ya yi wuya, majefa suka zama sarakunan fili.

Babbansu Cy Young. Sunansa na yanka Denton True Young, ana kuma ba da labarin cewa laƙabin nasa guntun kalmar guguwa ce a Turanci, saboda yadda jifansa ya farfasa shingen katako lokacin da ake gwada shi. Daga 1890 zuwa 1911 ya yi nasara 511, ya kuma kammala wasa 749 shi kaɗai ba tare da an canje shi ba. Don a gane girman wannan adadi, a kakar 2023, haka ma a ta 2024, duk majefan ƙungiyoyi 30 na babbar gasa in an haɗa su ba su kammala wasa 40 ba. Shi ne ya yi jifan farko a World Series ta farko a 1903. Ya rasu a 1955, shekara ɗaya bayan nan aka ƙirƙiro lambar yabon gwarzon majefa da sunansa.

Christy Mathewson na Giants ya yi abin da ba a sake yi ba: a World Series ta 1905 ya yi wasa uku cikin kwana shida da Athletics ta Philadelphia, ya kammala dukansu, ba a ci ko maki ɗaya a kansa ba. Ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shaƙi iskar guba a wani atisaye a Faransa, daga baya tarin fuka ya kashe shi a 1925 yana da shekara 45.

A ra'ayin mai wannan rubutu, Walter Johnson ya fi su duka. Shekara 21 ya yi a ƙungiyar Senators ta Washington, wadda a yawancin shekarun ba ta da ƙarfi, amma duk da haka ya yi nasara 417, kuma sau 110 yana kammala wasa ba a ci maki a kansa ba, adadin da babu wanda ya kamo. Ta gefe yake sakin ƙwallo, da dogayen hannuwa, mabugi bai ankara ba ta wuce. Sai da ya shekara 36 ya ga World Series, a 1924. Ya sha kashi a wasa biyu da ya fara, mutane suka ce tsufa ya zo. A wasa na bakwai aka sako shi a zagaye na tara ana kunnen doki, ya riƙe Giants zagaye huɗu ba maki, har Washington ta ci a zagaye na 12.

Zamanin ya ƙare a 1920. A farkon shekarar aka haramta shafa wa ƙwallo yawu, aka dai bar wasu majefa 17 su ci gaba har su yi ritaya. Ranar 16 ga Agusta kuma, a Polo Grounds, jifan Carl Mays na Yankees ya sami Ray Chapman na Cleveland a ka, ya rasu washegari. Shi kaɗai ne jifa ya taɓa kashewa a babbar gasa. Daga nan alƙalan wasa suka riƙa canza ƙwallo da zarar ta yi datti, ko da yake hular kariya ba ta zama ruwan dare ba sai bayan shekara talatin da wani abu. Farar ƙwallo mai tauri ta fi sauƙin gani, ta fi nisan tafiya. A wannan shekarar Babe Ruth ya yi bugun tsallake 54. Mutane kan manta cewa shi ma majefi ne tun farko, kuma na gaske: a 1916 ya yi wa Boston nasara 23, matsakaicin makin da aka ci a kansa 1.75, mafi ƙanƙanta a rukuninsu.

Wanda aka rufe wa ƙofa

Duk waɗannan alƙaluma suna da giɓi babba. Daga ƙarshen ƙarni na 19 har 1947 ba a yarda baƙar fata ya yi wasa a babbar gasa ba. Baƙaƙe suka kafa nasu gasannin, na farko mai ɗorewa a 1920 ƙarƙashin Rube Foster, wanda shi ma tsohon majefi ne. Sau da yawa haya suke yi a filayen fararen idan masu filin sun yi tafiya. Ƙungiyar Homestead Grays ta daɗe tana haka a Forbes Field.

Tauraron majefansu Satchel Paige, haifaffen Mobile a jihar Alabama. Daga 1927 ya yi wa Black Barons ta Birmingham wasa a Rickwood Field, filin da aka buɗe a 1910, wanda ya girmi Fenway kuma yana nan tsaye. Ya yi jifa a Kuba da Jamhuriyar Dominika da Meziko, ya shekara da shekaru a Monarchs ta Kansas City, yana yawo gari gari duk inda za a biya shi. Ana ba da labarin yadda a wasannin nishaɗi yakan kira masu tsaron baya su zo su zauna, sannan ya fitar da mabuga uku a jere. Ƙarfin jifa yana da shi, amma abin da abokan karawarsa suka fi ambata shi ne saiti, duk inda ya nufa nan ƙwallo za ta bi.

Lokacin da Jackie Robinson ya karya shingen a Ebbets Field ranar 15 ga Afrilu, 1947, ƙuruciyar Paige ta riga ta wuce. A watan Yulin 1948 Bill Veeck, mai ƙungiyar Cleveland, wanda shi ne ya dasa ciyawar nan ta Wrigley yana saurayi, ya ɗauke shi yana da shekara 42. Wasu 'yan jarida suka ce neman kasuwa ne kawai. Paige ya yi nasara shida ya faɗi ɗaya, sama da mutum 70,000 suka cika fili ranar da ya fara buɗe wasa a Cleveland, kuma a shekarar ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a World Series. A 1965, yana da shekara 59, Athletics ta Kansas City ta sako shi wasa ɗaya da Boston. Wannan karon kam neman kasuwa ne, amma tsohon ya yi zagaye uku ba a ci maki ba, mutum ɗaya ne ma ya samu isa tasha da bugu.

Sai a Disamban 2020 hukumar babbar gasa ta amince cewa gasannin baƙaƙe bakwai na 1920 zuwa 1948 manya ne, a watan Mayun 2024 kuma aka shigar da alƙalumansu kundin tarihi. Gyara ne mai kyau, amma bai cike giɓin ba, domin ɗimbin wasannin da Paige ya yi babu wanda ya rubuta su. A watan Yunin 2024 aka kai wasan babbar gasa Rickwood Field domin girmama waɗannan 'yan wasa. Willie Mays, wanda ya fara sana'arsa a filin a 1948, ya rasu kwana biyu kafin wasan.

Rushe-rushe, da abin da ya biyo baya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali suka ƙaura bayan gari suka sayi motoci, tsofaffin filayen kuwa ba su da wurin ajiye mota. Ebbets Field bai ɗaukar fiye da mutum dubu talatin da 'yan kai. Mai ƙungiyar Dodgers, Walter O'Malley, ya nemi sabon fegi a Brooklyn, ba su daidaita da hukumomin New York ba, sai ya kwashe ƙungiyar zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, shekara biyu kacal da cin kofinta na farko. Giants ma ta tafi San Francisco. Aka rushe Ebbets a 1960, Polo Grounds a 1964, aka gina benaye na haya a gurabensu. Filin da Dodgers ta samu a Los Angeles shi ma da nasa tabon, domin unguwar Chavez Ravine ce da aka tashi iyalai 'yan asalin Meziko daga cikinta, na ƙarshensu da ƙarfin hukuma a 1959.

Wannan ƙaura ita ce ta fi nuna yadda fili ke ɗaga majefi ko ya danne shi. Sandy Koufax ɗan Brooklyn ne, bahago, mai jifa kamar harsashi amma ba saiti. Kafin a gama sabon filin, Dodgers ta yi shekara huɗu a Coliseum, filin da aka gina domin guje-guje da ƙwallon Amurka, inda katangar hagu ba ta wuce ƙafa 251 ba. Bahagon majefi yawanci da mabuga na dama ake tararsa, su kuwa hagu suke aika ƙwallo. Daga 1955 zuwa 1960 Koufax ya yi nasara 36 ya faɗi 40, har ya yi tunanin barin wasan. A 1961 ya rage ƙarfi ya sami saiti. A 1962 aka buɗe Dodger Stadium mai faɗi, a 1963 kuma aka ƙara girman gurbin da jifa ke zama mai kyau. Cikin shekara biyar ya yi nasara 111 ya faɗi 34, kowace shekara shi ne mafi ƙarancin maki a rukuninsu. Sau huɗu yana kammala wasa ba wanda ya isa tasha da bugu, ciki har da na ranar 9 ga Satumba, 1965, inda mutum 27 suka zo mutum 27 suka koma. A World Series ta shekarar ya ƙi yin wasan farko saboda ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar ibadar Yahudawa, sannan ya dawo ya ci wasa na biyar da na bakwai ba a ci maki a kansa ba. Ciwon gwiwar hannu ya sa ya ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30. Masu cewa fili ne ya yi shi sun wuce gona da iri, domin ko a filayen wasu gwani ne. Amma masu cewa filin bai taimaka ba su ma ba su duba lissafi ba.

Rinjayen majefa ya kai ƙololuwa a 1968, lokacin da Bob Gibson na Cardinals ta St. Louis ya gama kaka da matsakaicin maki 1.12. Ya fara wasa 34 ya kammala 28, a 13 daga ciki ba a ci komai ba, kuma a wasan farko na World Series ya fitar da mabugan Detroit 17. Abin mamakin shi ne duk da haka ya faɗi wasa tara, don nasa mabugan ma ba sa cin maki. Hukuma ta ga 'yan kallo za su gaji, sai a 1969 ta rage tudun jifa daga inci 15 zuwa 10.

Filayen da aka gina a shekarun 1960 da 1970 yawancinsu zagayayyu ne masu kama da juna, an yi su domin besbol da ƙwallon Amurka a haɗe, da dama da ciyawar roba. Ba su shiga ran kowa ba, kuma akasarinsu an riga an rushe su. Da Baltimore ta buɗe Camden Yards a 1992, da jan bulo da katanga marar daidaito da tsohon sito a bayansa, sai garuruwa suka shiga kwaikwayo, ana kashe maƙudan kuɗi domin ƙirƙiro karkacewar da a da titi ke bayarwa kyauta. Wannan bai ceci sauran tsofaffin ba: Comiskey Park ya tafi a 1991, Tiger Stadium na Detroit ya rufe a 1999, tsohon Yankee Stadium a 2008.

Forbes Field kuwa tun 1970 aka daina wasa a cikinsa. Shekara 61 ya yi, mai faɗi ne ƙwarai, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu majefin babbar gasa da ya taɓa kammala wasa a ciki ba tare da wani ya isa tasha da bugu ba. Jami'ar Pittsburgh ta gina a wurin, amma an bar wani yanki na katangar bulo ta baya. Kowace ranar 13 ga Oktoba mutane kan taru a gindinta da kujerunsu, a kunna musu sautin rediyo na wasa na bakwai na World Series ta 1960, su saurara tun daga farko har zuwa ƙarfe 3:36 na yamma, lokacin da bugun Bill Mazeroski ya tsallake katangar hagu, Pirates ta doke Yankees da ci 10 da 9. Majefin da aka yi wa wannan bugu, Ralph Terry, shekara biyu bayan nan ya sake tsayawa kan tudu a wasa na bakwai, a San Francisco, ya kammala zagaye tara ya ci Giants 1 da nema.